MU LEƘA GAREJI: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki A Hanyar Kafanchan

 Waɗanda suka aiko da wasiƙu sai su yi mini gafara, domin a makon nan ba zan sami damar amsa ko ɗaya ba. Ina da labarin wani abu da ya same ni ni da kaina, wanda na tabbata ya riga ya sami da dama daga cikinku, waɗanda bai sama ba kuwa yana nan tafe, muddin dai suna hawan irin motocin da muke hawa a yau.

A cikin hunturun da ya wuce aiki ya kai ni Kafanchan, ni da wani abokin aikina mai ɗaukar hoto. Muka tashi daga Kaduna da sassafe a cikin 'yar tsohuwar motata ƙirar ƙasar Japan ta shekarar 2000, irin waɗannan na hannu da ake shigo mana da su ta Kwatano. Muka bi ta Kachia, muka wuce Zonkwa lafiya lau. Tun kwanaki kafin tafiyar na lura motar takan yi ɗan fizga idan na taka totur, fitilar nan mai hoton inji kuma takan kama ta mutu da kanta, amma na yi abin da yawancinmu kan yi, watau na ce sai na dawo na duba.

Muna gab da Madakiya sai muka tarar da wata babbar mota ta yi lodin buhunan citta har sama, tana tafiyar hawainiya. Na leƙa na ga hanya a buɗe, sai wata bas can nesa. Na fita, na taka totur, mota ta ɗauka. Ina daidai tsakiyar babbar motar nan sai inji ya shaƙe, kamar wani ƙato ya riƙe mu ta baya. Na ƙara takawa, shiru. Bas ɗin da na hango nesa sai ga ta tana yi mini wuta, abokin tafiyata ya dafe gaban mota yana salati. Allah ya sa na tuna da birki, na ja da baya na koma bayan mai citta, bas ta wuce mu fuu, direbanta yana watsa mini daƙuwa, kuma ban ga laifinsa ba. Tsakaninmu da mutuwa ran nan bai fi ƙiftawar ido biyu ba.

Da muka shiga gari sai aka nuna mini garejin wani dattijon bakanike wanda kowa ya yarda da hannunsa. Ya sa na tayar da mota, ya kara kunne, ya ce fulogogi ne. Aka saya aka sa. Muka zaga gari, mota ta fizga. Ya ce to famfon mai ne ya gaji. Aka sauke shi aka sa wani. Muka sake zagawa, ta sake fizga. Wani mai sayar da kayan gyara da ke gefe ya sa baki, ya ce ai mugun mai na sha, ba ku tuna da fetur ɗin nan mai gauraye da aka shigo da shi ƙasar nan a watan Fabrairun 2022 ba, wanda ya lalata wa mutane injuna? Saura kaɗan a juye mini tanki a ƙasa, alhali kuwa tun da aka janye tallafin mai a ran 29 ga Mayun 2023 zubar da lita guda ya zama abin da mutum zai kwana yana tunani.

A nan ne dattijon nan ya yi abin da ya ƙara masa girma a idona. Ya goge hannunsa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, in gaya maka gaskiya, wannan ciwo ba na sifana ba ne, na waya ne. Bari in aika a kira maka yarona." Yaron nasa kuwa wani saurayi ne da ya yi koyon aiki a hannunsa shekara da shekaru, daga baya ya tafi ya koyo aikin wayarin da na'urar binciken mota, ya dawo ya buɗe 'yar rumfarsa.

Kafin in ba ku labarin abin da saurayin ya yi, ya kamata mu san abin da ya sa gwani kamar wannan dattijo ya rasa gane ciwon. Shi da tsararrakinsa sun buɗe ido ne da Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kakuri ta Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, da kuma 'yar ƙwaryar Volkswagen ta Ikko. Waɗannan motoci da kafireta suke aiki. Direba ya taka totur, waya ta ja wani ɗan faifai da ke cikin maƙogwaron inji ya buɗe, iska ta shiga, ita kanta iskar ta zuƙo fetur a kan hanyarta. Har da wani ɗan famfo a jikin kafiretar mai tsarta ƙarin mai idan an taka totur da sauri, don kada inji ya shaƙe. Duk wannan abu ne da ido ke gani, hannu ke taɓawa, kunne ke ji.

To, da ƙasashen da ke ƙera motoci suka tsananta dokokin hayaƙi, sai aka yi watsi da kafireta aka koma injekta. A wannan tsari wata 'yar kwamfuta ce, wadda kanikawa ke kira ƙwaƙwalwar mota, take auna man da za a fesa wa inji, tana ƙoƙarin riƙe ma'aunin nan na nauyin iska kashi 14.7 ga nauyin fetur kashi 1. Amma ƙwaƙwalwar tana cikin akwati a rufe. Ba ta ganin ƙafar direba, ba ta ganin hanya. Abin da 'yan rahotonta suka gaya mata shi kaɗai ta sani, kuma ɗaya daga cikin manyansu shi ne sensar totur, wadda ake taƙaita sunanta da TPS.

Saurayin nan ya kwatanta mini abin da misalin da ɗan Kafanchan ne kaɗai zai kawo. Garin nan, kamar yadda kuka sani, jirgin ƙasa ne ya raya shi, tun 1927 da ya zama mahaɗar layin da ya taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da reshen da ya hau Jos. Ya ce, "Yallaɓai, kakana a reluwe ya yi aiki. Shugaban tasha yana zaune a ofis, ba ya ganin inda layi ya rabu. Idan mai juya layi ya aiko masa cewa hanya a buɗe take alhali a rufe take, shugaban tasha zai ba jirgi hannu da zuciya ɗaya, kuma ba shi ya yi ƙarya ba. Motarka haka take. Ƙwaƙwalwa lafiya, famfo lafiya, fulogi lafiya. Mai kawo labari ne ake tuhuma."

Ita wannan sensa ƙarama ce, ba ta kai kwalin ashana biyu ba, tana ɗaure a gefen maƙogwaron inji, a kan sandar da ke juya faifan totur. A motoci irin tawa wayoyi uku ne ke shiga cikinta. Ta farko tana kawo mata wuta bolt 5 daga ƙwaƙwalwa, ta biyu ita ce ta ƙasa, ta uku kuwa ita ke mayar da labari. A cikinta akwai wani ɗan harshen ƙarfe da ke gogar wata siririyar hanya ta baƙin gawayi. Idan totur yana rufe, wayar labari takan nuna kimanin rabin bolt. Yayin da ake takawa wutar takan riƙa hawa sannu a hankali, har ta kai wajen bolt 4 da rabi idan an taka har ƙasa. Duk wanda ya taɓa mallakar tsohuwar rediyo ya san irin wannan abu, domin shi ne maɓallin ƙara murya. Ya kuma san yadda idan ya tsufa, ana murɗawa sai a ji ƙarar-ƙarar, murya ta ɗauke a wani wuri, a ɗan gota ta dawo. Wurin da aka fi ajiye maɓallin nan ne kan fara cinyewa. Haka sensar totur take: inda ƙafar direba ta fi zama, watau daga rubu'in takawa zuwa sulusi, nan ne gawayin kan goge.

Da wannan sai abin da ya faru da ni a Madakiya ya fito fili. Na taka totur, faifai ya buɗe, iska ta kwarara cikin inji, amma harshen ƙarfen ya faɗa daidai inda ya cinye, sai wuta ta faɗi. Ƙwaƙwalwa ta ɗauka na ɗaga ƙafata ne, ta janye mai a daidai lokacin da nake neman ƙari. Bugu da ƙari, ƙwaƙwalwar tana lura da saurin takawar, don ta yi aikin da ɗan famfon kafireta ke yi a da, kuma a mota mai giyar otomatik da wannan labari ake sanin lokacin canja giya. Shi ya sa mai irin wannan mota zai ji giya tana dukansa ko tana jinkiri, ya tafi a sauke masa giyabos ba gaira ba dalili. Haka nan idan ana gangara aka ɗaga ƙafa, ƙwaƙwalwa takan tsayar da fesa mai ɗungum har inji ya sauko. Idan sensa ba ta shaida mata cewa totur ya rufe ba, sai mai ya yi ta ƙonewa a banza tun daga kan tudu har gindinsa. Sauran alamun su ne sulo mai hawa da sauka, mutuwar inji a mahaɗar hanya, da shan mai fiye da ƙima.

Yanzu ga yadda saurayin ya bi aikin, kuma ina roƙon masu motoci su riƙe tsarin, domin tsarin shi ne ilmin.

Da farko ya jona na'urarsa a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Wannan kafa doka ce ta wajabta ta ga motocin da aka sayar a Amurka tun daga ƙirar 1996, ƙasashen Turai kuma suka bi sahu ga motocin fetur a 2001, saboda haka kusan duk motar hannu da ke yawo a titunanmu tana da ita. Na'ura ta nuna lamba P0121. Ya bayyana mini cewa lambobi daga P0120 zuwa P0124 duk na da'irar sensar totur ne: P0122 wuta ta yi ƙasa ainun, P0123 ta yi sama ainun, P0124 tana zuwa tana ɗaukewa, ita kuwa P0121 tana nufin labarin sensa bai dace da abin da sauran 'yan rahoto ke faɗa ba.

Nan take na ce to a sayo sabuwa a sa. Ya yi murmushi ya ce, "Yallaɓai, garaje ke nan irin wanda ya ci maka kuɗin famfo. Na'ura unguwa take nunawa, ba ta nuna gida. Waya ce ta karye, ko soket ne ya yi tsatsa, ko ita sensar ce, lambar duk ɗaya za ta iya fitowa."

Sai ya ɗauko mitar auna wuta. Ya murɗa makulli fitilun gaba suka kama, bai tayar da inji ba. Ya zura wasu siraran allurai ta bayan soket, ba tare da ya huda rigar waya ba, domin kafar da aka huda ita ce ƙofar ruwa da tsatsa a damina. Wayar farko ta nuna bolt 5 cif. Ya ce da a ce babu wannan wuta, da ba za mu taɓa sensa ba tukuna, domin sau da yawa sensa biyu ko uku kan sha daga wannan waya guda, ɗaya ta lalace ta ja sauran ƙasa. Wayar ƙasa ita ma lafiya. Sa'an nan ya koma kan wayar labari, ya ajiye mita mai lambobi ya ɗauko tsohuwa mai allura, ya ce ita ta fi nuna ɗaukewar wuta ta ƙiftawar ido. Ya sa hannu ya riƙa buɗe faifan totur a hankali ƙwarai. Allura ta tashi daga rabin bolt tana hawa sumul, ta wuce 1, tana kusantar 1 da rabi sai ta faɗo ƙasa tim, ya ɗan ƙara buɗewa ta yi tsalle ta koma sama. Sau uku yana maimaitawa, sau uku tana faɗuwa a wuri ɗaya. Ya ɗan ƙwanƙwasa sensar da gindin sukudireba, allura ta yi rawa. Gani ya kori ji.

Bai tsaya nan ba. Ya zare soket ɗin ya haska, sai ga bakin ƙarafunan ya yi kore shar. Ya tambaye ni ko ina ba da inji a wanke da famfon nan mai ƙarfi. Na ce ƙwarai kuwa, ko a makon ma an wanke, saboda ƙurar hunturu. Ya ce to in daina, domin ruwan yakan kutsa cikin soket ya kwanta, kuma da mun sa sabuwar sensa a kan wannan tsatsa da ciwon ya dawo kafin wata ya zagayo. Ya wanke bakin da maganin wanke wayoyi, ya matse ƙarafunan. Ya cire tiyon iska, ya goge baƙin dattin da ya taru a bakin faifai da tsumma, yana kaffa-kaffa kada magani ya shiga cikin sensa. Ya kuma nuna mini matatar iska, wadda ƙura ta mayar kamar bulo, ya ce a sake ta.

Wajen saye sai aka kawo mana iri biyu, wata sabuwa fil a kwali mai arha ƙwarai, da wata ta hannu da aka ciro daga injin da aka shigo da shi. Ya ƙi karɓar ko ɗaya sai da ya jona kowace a soket ya murɗa ta da hannu yana kallon allura. Ta kwalin tun a hannu ta fara tsalle-tsalle, araha dai ba ta ado. Ta hannun ta hau sumul ta sauko sumul, ita muka ɗauka, da sharaɗin mayarwa in ta ba da matsala. Da ya ɗaura ta bai ƙulle sukurorin ba sai da ya ɗan juya ta har wayar labari ta tsaya daidai inda littafin motar ya ce, domin ramukan sukurorin irin wannan sensa dogaye ne da gangan don a daidaita ta. Ya gargaɗe ni game da ɗan sukurun nan da ke tokare faifan totur, wanda wasu kanikawa kan murɗa wai don su ɗaga sulo. Ya ce daga kamfani aka saita shi, wanda ya taɓa shi ya rikita wa ƙwaƙwalwa lissafi. Daga ƙarshe ya goge lambar da na'ura, ya bar inji ya yi zafi yana sulo shi kaɗai na 'yan mintoci, don ƙwaƙwalwa ta saba da sabon ɗan rahotonta.

Gwaji kuwa ba a cikin gari muka yi shi ba. Muka ɗauki hanyar Kagoro, duwatsun nan suna tsaye a gabanmu, muka miƙa wajen Manchok inda hanya ke fara hawa zuwa Filato, na'ura tana jone yana kallon lambobi. Na taka a hankali, na taka da ƙarfi, na sake a gangara. Ko gezau. Da na zauna na yi lissafi, abin da na kashe a kan fulogi da famfon da ba su yi laifin kome ba ya ninka kuɗin sensar da ladan saurayin. An bar jaki an yi ta dukan taiki, kuma aljihuna ne taikin.

Akwai jan kunne ga masu motocin da suka fi tawa ƙuruciya. Tun daga farkon shekarun 2000 kamfanoni da yawa suka daina sa wayar totur, misali Toyota Camry ƙirar 2002. A irin waɗannan, feda ma sensa gare ta, wani ɗan moto ne kuma ke buɗe faifai bisa umurnin ƙwaƙwalwa. Saboda hatsarin abin, sensa biyu ake sawa a maƙogwaro suna shaidar juna, in suka saɓa sai lamba irin P2135 ta fito, ƙwaƙwalwa ta rage wa mota ƙarfi da gangan, ta bar direba da abin da zai lallaɓa ya kai gareji. Yawancin na baya-bayan nan da maganaɗisu suke aiki, babu gogayya, don haka ba su cika cinyewa ba, laifin ya fi zama na soket ko datti. Galibi ba a sayar da sensar ita kaɗai, sai da maƙogwaron gaba ɗaya. Kada kowa ya sa yatsa a bakin faifan irin wannan mota alhali makulli yana kunne, moton yana da ƙarfin da zai datse shi. Kada kuma a yarda mai gyara ya gwada wayoyin sensa da ƙwan fitilar nan na gwaji, domin yana iya ƙona ƙwaƙwalwar, ita kuwa kuɗinta ba na wasa ba ne.

Abin da ya fi damuna a cikin wannan al'amari shi ne halinmu game da fitilar gargaɗi. Wani ya manna mata baƙin tef. Wani ya cire kan batir don ta mutu, ya ce ya yi gyara, alhali ya share takardar likita ne ciwo yana nan. Wasu dillalan ma cire ƙwan suke yi kafin su sayar da mota. Mai saye ya lura: idan aka murɗa makulli kafin a tayar da inji, wajibi ne fitilar ta kama, in ba ta kama ba a tambayi dalili. Direbobin haya da ke jigila tsakanin Kafanchan da Kaduna, da Jos, da Kwoi zuwa Keffi, rayukan mutane suke ɗauke da su a kan hanyoyi masu hannu biyu a kwalta ɗaya, inda wuce babbar mota ke bukatar inji ya amsa nan take. Ban da wannan kuma, ba kowane daji ne mutum zai so motarsa ta mutu a cikinsa da magariba ba.

Ina kira ga ƙungiyar kanikawa ta ƙasa, watau NATA, da hukumar bunƙasa ƙere-ƙeren motoci ta NADDC wadda aka kafa a 2014, da ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Zangon Kataf, su haɗa kai su riƙa shirya wa kanikawan wannan yanki horo a kan mita da na'urar bincike, a nan kusa da su, kuma da Hausa, harshen da dukan kabilun yankin ke ciniki da shi. In kiɗa ya canja dole rawa ta canja. Dattawan gareji suna da abin da makaranta ba ta koyarwa, samari kuma suna da na'ura, kuma na ga da idona yadda aiki ke kyau idan babba bai ji kunyar kiran yaronsa ba.

Da zan tafi na koma na yi wa dattijon sallama. Ya kawo kuɗin aikin famfo zai mayar mini, na ce Baba ka bar shi. Ya ce to in ɗauki tsohon famfona in tafi da shi, tun da lafiyarsa lau. Yana nan a but har yanzu, a naɗe cikin tsumma.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan wasiƙunku, mu fara da mai tambaya daga Zariya a kan abin da ke sa mota zafi idan an kunna na'urar sanyi. Kafin nan, wanda fitilarsa ke kunne ya daure ya kai a duba. Ku huta lafiya.